Turken Ɗan Azumi

Tsamiyar Dada, kusa da Bande
Alhamis, 11 ga Maris 1976, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Zuwa ga Yaya Shatu, a Waca.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki durƙusa a madadina ki gaida Inna.

Ina zaune a zauren gidan marigayi Baba, magina sun wanke hannu sun tafi yanzun nan. Gidan da muka bari kango a shekarar yunwa ya tashi. An sake azarar ɗakin Inna, an yi yaɓe ciki da waje, an sa sabbin indararo. Rumbu ɗaya ya gagara gyara, na sa an rushe shi.

Kin san abin da ake yi yanzu a ƙasar gyaɗa: wanda ya gyara kangonsa, masu awo su saya su mai da shi wurin ajiya. Tun da na gama lakwal, makarantar boko, aka ba ni aiki a biron gona, ofishin gwamnati na Magarya, ba mai kwana a nan, gidan ƙasa kuwa in ba ya jin numfashin mutum faɗuwa yake yi. Alhaji Mainassara mai awon gyaɗa ya duba yana so, Baffa ma ya yarda. Ni dai hankalina ba zai kwanta ba sai na ji ta bakin Inna.

Abu ɗaya Alhaji ya roƙa, a buɗe bayan gida yadda kamyo, babbar motar kaya, zai shiga. Na share garken, na tuge turakun duka, har da babban nan na itacen ƙirya. Gara ba ta taɓa shi ba, na jingine shi a zaure.

A huta lafiya.
Ƙaninki, Barau

Waca, ranar Lahadi

Autan Inna,

Wa alaikumus salam. Muna amsawa, yara suna gaishe ka. Malamin unguwarmu ne ke rubuta mini.

Takardarka ta iso, amma matan Tsamiyar Dada sun riga ta. Su Ya Kaka, tsohuwar maƙwabciyarmu, suka zo da ƙwaryar hatsi. Inna tana tankaɗe, suka zauna, suka ce Allah ya jiƙan Ɗan Azumi.

Kana ƙarami aka kai ka lakwal, ba laifinka ba ne kai kaɗai, mu ne ba mu gaya maka ba. Turken ƙiryar nan na Yaya Ɗan Azumi ne, shi ya kafa shi ranar da Baba ya ba shi karsana. A danginmu na masu shanu ba a tuge turken wanda ya tafi da garke sai an tabbatar ya mutu. Shekara uku ke nan da ya kora shanu kudu, ba shi ba labarinsa. Da suka ga turken a zaure, kai kuma ma'aikacin gwamnati, sai suka ce ai takardar mutuwarsa ta zo maka.

Ka san Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne. Ranar nan ta faɗa. Ta ajiye rariya ta ce, "Ɗan Azumi bai mutu ba, sai na ga wanda ya zuba masa ƙasa." Suka ɗauki ƙwaryarsu suka koma. Tun ranar sai an matsa mata take cin tuwo.

Malamin ya karanta mata zancen sayarwa. Ta ce ba ta hana ba, gini ƙasa ne. Amma ka tambayi Alhaji, in wani ya zo da sanda a kafaɗa ya yi sallama a ƙofar, wa zai amsa masa?

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka, Shatu

Tsamiyar Dada
Juma'a, 26 ga Maris 1976

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ki gaida Inna, ki ce na roƙe ta gafara.

Na kai wa Alhaji tambayarta yadda take. Ya ce, "Malam Barau, buhun gyaɗa ba ya amsa sallama, kamyo kuma ba ya kewaya turke." Ya yi addu'a Allah ya dawo da shi, ya ce zai nemi wani gidan. Baffa bai ji daɗi ba, ya ce na yi wa gara yaɓe.

Yau bayan an sauko daga masallaci na mai da turken a gaban mutanen gari, don kowa ya gani. Zan riƙa kwana a gidan ranakun hutu. Ki gaya wa Inna ta ci abinci.

Ƙaninki, Barau

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko ramin da na kafa shi shi ne na asali. Ni na baje wurin. Ya Kaka ta ce nan ne, Baffa ya ce gaba kaɗan.

Ko numfashin mutum ɗaya, jefi-jefi, zai riƙe gidan a damina.

Ko Yaya yana da rai.

In yana da rai ya zo, ko zai gane gidan da wannan sabon yaɓen.