Ni na ce wa Haruna ya tafi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Abin da zan faɗa ko matata ba ta taɓa ji ba.

Ni limami ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki, nesa da ƙasar Hausa. A zamanin da hukuma take yaƙi a kudu tana kiran sa jihadi, ina matashi, ban daɗe da gadon limanci daga mahaifina ba. Wani jami'i ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce, "Ya Maulana, kullum kuna kukan ana kiran ku baƙi, ana wahalar da ku kan takardar zama ɗan ƙasa. To ga dama ta samu. Ka yi wa samari huɗuba su fito." Na ce zan yi tunani. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanenka ma ai ya isa riƙe bindiga. In wasu suka fito da kansu, ba mai taɓa shi." Ranar Juma'a na hau mumbari na jawo ayoyi, na siffanta Aljanna har dattawa suna share hawaye, alhali zuciyata ba ta yarda jihadi ba ne. Ƙanena kawai nake gani.

Washegari maƙwabcina Haruna ya same ni a hawasha, wato gonata, ina ba auduga ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Malam, matata tana da ciki, Inna kuma ba ta da kowa sai ni. Tsakaninka da Allah, wajibi ne a kaina?" Me ya hana ni ce masa a'a? Daga ni sai shi a gonar, wa zai ji? Tsoro na ji, kada ya fasa sauran su fasa. Na ce, "Tafi, Allah zai kula da su." Ya yi mini godiya.

Ko gawarsa ba a kawo ba. Jami'ai suka zo da sukari da fulawa, suka hana kuka, wai biki ne, Haruna ya angwance a Aljanna. Suka sa Inna ta yi guɗa, ni kuma na rufe taron da addu'a. Ƙanena yana nan da 'ya'yansa, bai san komai ba. Inna kuwa har yau faɗa wa mutane take yi, "Malam ne ya nuna wa ɗana hanyar Aljanna."

Yanzu ga wani yaƙin, ana sake kiran samari ta masallatai. Wannan karon ya iso har ƙauyukanmu, kuma ban ce mai kare gidansu ya yi laifi ba, amma wane baki gare ni da zan ce wa ɗan wani tafi ko zauna? Da aka nemi in yi huɗuba, ciwon maƙogwaro na ƙirƙira na tura na'ibi. Sai ga Inna a zaurena, idanunta sun tafi, ɗan da Haruna bai gani ba yana riƙe da hannunta, shi ma yanzu magidanci ne. Ta ce, "Malam, ga marayanka, yana son bin sawun ubansa. Uwarsa sai kuka take. Na ce mu zo wurinka, abin da ka ce shi za a yi." Na kasa kallon su. Na ce su dawo bayan Juma'a.

In na ce ya zauna, za ta tambaye ni me ya sa na tura uban. In na faɗi gaskiya, na ƙwace wa tsohuwa makauniya abin da ta jingina da shi duk shekarun nan, wataƙila kuma ba mai sake bi na salla. In na yi shiru, zai tafi da sunan na sa albarka. Juma'a ta gabato, 'yan'uwa. Me zan yi?