Ranar Sakin Shanu ta Bodinga Ba ta Fadamarmu Ba Ce

Zuwa ga Shugaban kwamitin sulhun manoma da makiyaya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki. Ni dattijo ne, manomin albasa a wani ƙauye kusa da Kajiji. Na rubuto a fili ne don na gaji da zuwa ofishinka ana ce mini ka fita.

Na farko, sulhun da kunka yi a ƙauyukan Bodinga ya yi albarka, ban musa ba. Kun tsai da rana bayan an kwashe gero da dawa, kunka ce daga ranar shanu su shiga su ci kara. Faɗa ya kwanta, mu ma mun yi murna.

Na biyu, bara kun ɗauko wannan rana yadda take kunka aza mana. To, can gonakin tudu ne, in an yi girbi an gama. Mu fadama gare mu. Lokacin da na tudu ke ɗaure dammuna, mu lokacin muke dashen albasa. Na miƙe na faɗi haka wurin taro, magatakardarku ya ce in zauna, wai abin da ya yi aiki can zai yi nan.

Na uku, ranar ta zo, shanu sunka gangaro fadama. Wallahi ban cika ganin laifin makiyayan ba, ku kunka ce su shigo. Ɗana Sanusi ya tsaya korar shanun, sandar wani makiyayi ta same shi a ka. Kafin mu kai shi asibitin Shagari bisa babur, rai ya yi halinsa. Ardo, wanda munka tashi tare, ya zo ta'aziyya yana hawaye. Daga kwamitinku ko mutum guda bai taka ƙofata ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ga shi kaka ta kama, an ce ranar nan dai za ku sake sanarwa. Ƙanen mamacin, Bello, ya daina hira da kowa. Ya sayo adda, ya ce bana shi zai tsare dashe. Na yi lallashi, na yi faɗa, bai ji ba.

Don Allah ku zo ku ga fadamar da idonku. Ku zauna da mu da Ardo, a cire ta daga sakin, a buɗe wa shanu hanyar mashaya, tun ba a fara dashe ba.

Allah shi yi maka jagora, shi raya maka zuri'a. Ni ɗa namiji guda ya rage mini, kuma ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Wassalam.

Mahaifin Sanusi,
ƙasar Shagari