Ƙofar da Kuka Toshe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, ina sanar da ke muna nan lafiya, ni da autarki Zulai. Shekara huɗu ke nan da muka raka ki makwanci, ban taɓa zama na rubuta miki komai ba. Kin san daga aji uku na tsaya, ki yi haƙuri da rubutun. Zan sa wasiƙar inda mutane za su gani, don akwai waɗanda maganar ta shafa, amma da ke nake.

Inna, takara na tsaya. Kada ki tsorata, ba ta siyasa ba ce. Kwamitin iyaye ne na lekol ɗinmu, makarantar gwamnati, wadda kike tuyan makala, fankenmu na nan, a bakin ƙofarta ta baya. Shugabanci na nema. Jiya Asabar aka yi zaɓe, kuma ban ci ba. Na faɗa miki tun farko don kada ki zauna jira.

Kin tuna ƙofar. Ita ce mai kallon unguwarmu. Daga gida zuwa aji, ko shayi ba ya hucewa. Ke kina zaune a dama da kaskonki, Mama Tereza 'yar unguwar Miskine tana hagu da tiren gyaɗarta, kuna cacar baki kullum kan wa ke tura wa wani hayaƙi. Da rikici ya tashi kika saka ni a motar Kawu zuwa Kamaru. Na dawo bayan shekara biyu na tarar an toshe ƙofar da bulo, har an shafe da siminti. Ban tambaye ki ba, ke ma ba ki ce komai ba. A zuciyata na yanke cewa mutanen wancan ɓangaren ne suka toshe mu.

Tun daga nan yaran unguwarmu sai su zagaya. Su fita Titin Koudoukou, su bi gefen kwalta tsakanin 'yan moto, wato masu babur, da tasi, sannan su karya zuwa babbar ƙofa ta wajen Miskine. Wurin waldata yana kan hanyar, kullum da safe ina kallonsu suna gudu da allunansu a hammata. Kuma kullum su ne masu latti. Na taɓa kai gyaran taga lekol ɗin, na tsaya ina dubawa. Ba sai an gaya maka yaro daga ina yake ba, gwiwarsa za ka duba. Mai jar ƙasa a gwiwa namu ne, ya yi durƙuson latti a bakin ƙofa. Kafin ya shiga, bencin mutum biyu ya ɗauki huɗu, sai ya zauna a ƙasa can baya inda ba a ganin allo. Malamin ba mugu ba ne, Inna. Shi kaɗai ne da yara cike da ɗaki, muryarsa ma ta dushe.

Bayan ƙaramar Sallah moto ya kwashe Zulai a gaban masu canjin kuɗi. Ƙafar hagu ta karye. Ta warke, amma idan hadari ya haɗo sai ta riƙa jan ƙafar. Gwaggo Asabe, wadda ita ce babbarmu yanzu, ta ce lekol ta isa haka, a kawo mata yarinyar kasuwar Kokoro ta riƙa taya ta jiran shago. Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ta yi jinyar. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen zango. Zulai ita ce ta farko a gidanmu da ta kai aji biyar. Ita ke karanta mini takardar asibiti.

Wannan ne ya sa na tsaya. Ba ni da dogon buri. Na ce idan aka buɗe ƙofar, rabin matsalar yaranmu ta tafi.

Sati uku ina bin shaguna. Alhazai suka ba ni shayi, suka dafa kafaɗata, suka ce muna tare da kai. Sai daga baya na lura yawancinsu 'ya'yansu suna makarantun kuɗi, wasu ma suna Garwa ko Kano. Bayan Juma'a liman ya ba ni dama na yi magana, aka amsa da amin mai ƙarfi. Na koma gida ina jin na gama. Kin sha gaya mini, "Kai wannan, kana da ido amma ba ka da ƙafa." Gaskiyarki. Ban shiga gida ko ɗaya na gaida mata ba, alhali su ke zuwa taron lekol. Kuma ban taka Miskine ba ko sau ɗaya. Na ce me zan je yi wurin waɗanda suka toshe mu.

Ranar Asabar da hantsi kasuwa ke ci, Inna, kin fi ni sani. Cikin masu muna tare da kai, mutum biyu na gani. Sauran taron yawanci mata ne, namu kaɗan a inuwar mangwaro sun ja mayafi, na Miskine da yawa a bisa benci. Tsakaninsu fili kamar an ja layi.

Abokin takarata Misiye Barnabe ne, tsohon magatakarda, mai riga a goge da biro uku a aljihu. Ya yi jawabi da Faransanci, ya sake da Sango, yaren gari. Ya yi maganar rufin aji da ƙarin malamai, kuma duk gaskiya ya faɗa. Sai ya juyo yana murmushi ya tambayi jama'a ko mai walda da wuta zai riƙa rubuta mana rahoto. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ya iya faɗa.

Da aka ba ni magana na yi da Sango. Na ce rahoto kam ba zan iya ba. Na ce su dubi gwiwoyin yara ranar Litinin. Na faɗi zancen Zulai, na faɗi zancen ƙofa, na zauna. Wani dattijo ya miƙe daga bencin Miskine, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta waccan ƙofar aka shigo ranar da ya rasa ƙaninsa, kuma katangar nan ce ta sa yake iya barin jikokinsa a lekol. Mu ma muna da namu da muka binne, amma ban ga amfanin jera su a filin yara ba.

Zaɓen ba na takarda ba ne. Direkta, shugaban makarantar, ya ce 'yan takara su fito tsakar fili su juya baya, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, kuma ba a waiwaye sai an gama ƙirga. Ban taɓa tsayuwa mai nauyinta ba. Ina jin ƙafafu suna wucewa zuwa wajen Barnabe, silifa, silifa, takalmin fata. Rana tana bayana, inuwata ita kaɗai a gabana. Can sai na ji shassharwar mayafan matanmu. Sai kuma wata inuwa ta zo ta hau kan tawa, gajeriya mai faɗi, da ɗaurin kallabi mai kunne biyu. Matanmu ba sa irin wannan ɗaurin. Ta shiga gaban kowa ta tsaya dab da ni, ina jin ƙamshin soyayyar gyaɗa. Ta yi magana ƙasa ƙasa, da Hausar da ta koya a bakinki.

"Kai wannan, miƙe kafaɗarka. Ana kallonka."

Inna, tun da kika tafi ba wanda ya kira ni haka. Ke kaɗai ce ba kya kama sunana, don ni ne na fari. Da kyar na riƙe fuskata har aka gama.

Barnabe ya ci da tazara. Ni aka ba ni kujerar da ba mai so, mai kula da kaya. Makullin sito ne, cikinsa tsintsiyoyi da karyayyun benci.

Da aka watse Mama Tereza ta ja hannuna zuwa bayan azuzuwa. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari. Shekara nawa muna haɗuwa a hanya ina sunkuyar da kai, ita ma tana wucewa. Ta ce ta ɗauka fushi nake, ni kuma na ɗauka ta manta mu. Ta nuna mini ramin nan da ke jikin toshiyar, daidai ƙugu, wanda hannu ke iya shiga. Ni duk zatona harsashi ne ya yi shi.

Ta ce ku kuka toshe ƙofar. Ku matan bakin ƙofa, nan da can, bayan abin da ya faru da ƙanin dattijon. Maza sun gudu ko sun ɓuya, ga yara da tsofaffi sun fake a azuzuwa. Kuka samo magini ɗaya, kuka yi ta jido masa bulo. Ta ce ke kika ɗebo ruwan kwaɓi, da cikin Zulai wata bakwai, tana yi miki faɗa kina ƙi. Da gini ya kai ƙugu kika ce wa magini ya bar gurbin rabin bulo. Ta nan take miƙo miki gishiri da sabulu lokacin da ba a fita, ke kuma ki miƙa mata sukari. Wani lokaci ba komai, hannu kawai, don kowa ta san 'yar'uwarta tana raye.

Shekara goma ina jin haushin mutane a kan aikin hannunki. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko da yake ban tambaya ba.

Na gaji, Inna. Ba gajiyar ƙarfe ba, waccan barci na maganinta. Amma ga inda ake. Barnabe ya same ni kafin ya tafi, ya ce ba ya gaba da ƙofa, sai dai ba zai kai maganar gaban direkta ba sai iyayen ɓangare biyu sun sa hannu, har da dattijon. Ya ce shi zai rubuta takardar, tunda ni da wuta nake rubutu. Mama Tereza ta ce ta ɗauki gidajen Miskine, amma gidan dattijon tare za mu je, kuma in sa riga mai kyau. Na unguwarmu ni zan bi, wannan karon ta ƙofar mata, da sallama. Yau da safe na je Kokoro na ba Gwaggo labari duka. Ta daɗe tana gyara gwangwanayen madara a kantar shago ba ta dube ni ba. Sannan ta ce ita ma ta jido bulon. Ta ƙara mini zango ɗaya, ta ce daga shi ba ƙari.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun Zulai tana kwance na auna gurbin ƙofar da igiya, na haɗa ƙyaure na ƙarfe da ragowar aiki. Yana jingine a bayan wurin waldata, na rufe shi da buhu. Na sa masa sakata ciki da waje, don kowane ɓangare ya samu natsuwa. Wataƙila ya yi tsatsa a nan. Ban sani ba ko dattijon zai yarda, kuma idan ya ƙi ba zan ga laifinsa ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne neman izini. Ke kika ɗebo ruwan ginin nan don ki tsare yara, ɗaya tana cikinki. Yarinyar ce yanzu take jan ƙafa a bakin titi. Idan takardar ta cika, ni zan ɗaga guduma, kuma ba na so in fasa abin da kika gina ba ki sani ba. Daga wurin ramin zan fara.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya buɗe miki ƙofar da ba a toshewa. Ya jiƙan ƙanin dattijon nan da duk waɗanda muka rasa, nan da can. Ya ƙara wa Mama Tereza lafiya, Ya tsare mana Zulai a hanya kafin lokacin. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.