Negatib Uku, Magani Biyu

'Yar nan mai ba da shawara, ki taimake ni kafin tsohon nan ya yi wa hanjina fenti.

Likita ta ce ina da kansar nono, irin mai negatib uku. Maigidana na jin haka ya hau murna, wai an gwada sau uku ba a samu komai ba. Da ƙyar ta fahimtar da shi. Aka ɗora ni kan magani biyu ta ƙarin ruwa, ɗaya na kashe ciwon, ɗaya na zuga garkuwar jiki. Gashi ya zube, jikokina har duba fuskarsu suke a kaina.

To shi haɗa fenti ne sana'arsa tun yana saurayi, ba a ja da shi kan haɗi. Wai negatib uku, magani biyu, an cinye mana ɗaya. Shi ne ya shiga haɗa na ukun da kansa: saiwoyi, ɓawon itace, wani gari daga abokinsa mai gadi. Ya juya da sanda, ya ɗaga kwalba a rana ya ga ko launi ya zauna. Jiya kore, yau ruwan ƙasa. Yana juya baya sai in tuttule wa shukar bakin taga. Abin haushi, shukar ta yi fure! Ni ma na fara tunani. In sha ne? Ran nan na leƙo shi yana share hawaye a kan kwalbar.

Kaka Mai Sanƙo

Kaka, sannu da jiki. Kada ki sha ko cokali ɗaya, shuka ba ta da hanta.

Negatib uku na nufin ciwon ba shi da mariƙai uku da wasu magunguna ke kamawa, shi ya sa aka zaɓa miki wannan haɗin. Ba a ci miki komai ba. Saiwar da ba a san ta ba tana iya wahalar da hanta, ta kuma dagula aikin maganin.

Shi kuwa Baba tsoro ne ke cinsa, hannunsa na neman abin yi. Ku je wurin likita tare, har da kwalbar. Ki tambayi Baba abin da yake yi wa wanda ya ɗiga masa wani launi a bokitin da ya gama haɗawa. Sannan ki ce ɗakinki na son sabon fenti.

Allah ya ba ki lafiya, ya dawo da gashi. A gaishe da shuka.