Gurbin Mutum Ɗaya

Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Koci Abdulfattah ya faɗa yau: mutum ɗaya za a ɗauka daga Birnin Gwari zuwa sansanin 'yan tseren keke a Kaduna. Ƙarshen Yuli zai gwada mu. Mu ɗin kuwa ni ne da Ephraim, don sauran da ke bin mu ko akuya mai ciki ba za su kamo ba.

Ephraim, ɗan ƙanin babana. Ni na koya masa keke, ni na riƙe masa sirdi yana majina yana kiran Mama. Yau a hawan Giginya, wanda ake yi kafin a shiga Tsohuwar Birnin Gwari, ya wuce ni yana fito. Waƙar coci ma. Ni ina haki, shi da ƙafafun nan nasa kamar sillen kara ya kai sama ya tsaya jirana, har da miƙo mini gorar ruwa. Na tsani jiran nan fiye da wucewar.

Na kusa talatin. In ban tafi bana ba, a shagon faci zan tsufa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ya sake wuce ni. Giyar kekena ce ke tsalle.

Asabar, 14 ga Yuni

Ashe da dalili. Mun zauna hutawa a kan ragowar ganuwar tsohon gari, gonaki sun yi kore shar har gindin duwatsu, sai bakinsa ya buɗe. Koci ya hana mu wuce nan, amma shi Ephraim tun farkon damina yake zarcewa shi kaɗai har Dogon Dawa, wai hawan can ya fi tsawo, shi ke gina ƙafa. Ya nuna mini a wayarsa, manhajar da muke auna tafiya da ita: jan layi ya bi kwalta, ya ratsa gefen daji, ya dawo.

Na ce mutanen daji fa? Ya yi dariyar nan tasa ta marasa wayo. Wai sun taɓa tare shi, su huɗu a kan babura da bindigogi. Da suka ga matsattsen wandonsa da hular kwano suka dinga dariya, suka sa shi tsere da babur, suka karɓe burodin da ke aljihun rigarsa suka cinye. Yanzu in sun hango shi hannu kawai suke ɗaga masa. Ya ce ranar ya ji tsoro har fitsari ya zubo masa.

"Don Allah, Yaya Lazarus, kada Mama ta ji."

Na ce babu mai ji.

Lahadi, 15 ga Yuni

Bayan sujada matan zumunta sun kewaye shi, wai ɗanmu na Kaduna. Mama Angelina, uwarsa, baki har kunne. Ni an tambaye ni ko na gama facin tayar baron fasto.

Laraba, 25 ga Yuni

An kwashe manoma a gona kusa da Dogon Dawa, har da ƙanin Salmanu mai shayi. Gari ya ɗauki zafi. Kowa tambayarsa ɗaya, wa ke kai wa mutanen daji labari.

Alhamis, 26 ga Yuni

Da safe na zauna a teburin Salmanu. Idonsa ja, yana zuba shayi yana zubarwa a ƙasa. Benci cike, akwai 'yan sa-kai biyu a ciki.

Ni tambaya kawai na yi. Na ce abin da ke ba ni mamaki, ana ɗauke mai fartanya a hanyar nan, amma akwai mai bin ta kullum ya dawo ko ƙwarzane babu. Na ce har na ji wai burodinsa suke ci. Ban kama suna ba. Na biya shayina na tashi.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa.

Asabar, 28 ga Yuni

Ephraim ya same ni a shago yana tambaya ko na lura mutane sun daina amsa gaisuwarsa. Mai rake ma ya ƙi sayar masa. Na ce hassada ce, ya daure. Ya yi mini godiya. Wannan yaro in ka sayar da shi a kasuwa shi zai taya ka ciniki.

Na ɗauka Koci zai ji ƙishin-ƙishin ya cire shi, shi ke nan. Abin da na ɗauka ke nan.

Talata, 1 ga Yuli

Da rana tsaka, a bakin kasuwa. Ephraim yana dawowa 'yan sa-kai suka tare shi, suka sauke shi daga keke. Kafin na ƙarasa wurin jama'a sun yi zobe. Wani ya ƙwace wayarsa ya buɗe, sai ga jan layin nan, kowace rana da nata, da lokacin fita da inda ya tsaya. Aka ɗaga wayar sama kowa ya gani. Taswira, in ji su, yana zana musu hanya.

Yana ta cewa manhajar motsa jiki ce, a tambayi yayana, shi ma yana da ita. Babbansu ya juyo gare ni ya ce, kai, ka san wannan?

Na ce, "Ni dai ban taɓa bin wannan hanyar ba."

Wannan ma gaskiya ce.

Da gora suka fara. Salmanu ne ya zo da taɓarya, kuma gwiwar dama ya nufa. Na ji ƙarar. Ban san mutum na iya irin wannan kukan ba, bai yi kyau a bakin namiji ba. Koci da fasto suka iso a guje, Koci ya buɗe tasa wayar yana nuna musu irin layin, yana rantsuwa har muryarsa ta dushe. Aka ja baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon wani wuri.

Na koma shago na goge manhajar daga wayata. Na ci abinci, na ƙoshi.

Juma'a, 4 ga Yuli

Hawan Giginya ni kaɗai. Iska mai daɗi, hanya fes bayan ruwa. Ban taɓa hawansa da sauƙi haka ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Mama Angelina ta matsa, na je asibiti. Ƙafar a naɗe, an rataye ta. Likita ya ce zai taka, da sanda. Keke kam a manta.

Da ta fita ɗebo ruwa ya ɗaga ido ya kalli silin. Sannan ya ce, a hankali, "Yaya Lazarus, suna dukana suna cewa burodi. Kai kaɗai na gaya wa maganar burodi."

Na ce ciwo ne ke sa shi sambatu. Bai musa ba. Uwar ta dawo, na jira ya faɗa mata, na ma shirya amsa. Sai ya ce ta zuba mini abinci, wai na sha hanya. Ta zuba mini faten wake tana sa mini albarka, wai ni ne ɗan'uwa na gari.

Da ya zage ni da mun rabu lafiya. Wannan shirun mugunta ce, kuma ya sani.

Lahadi, 20 ga Yuli

Manoman sun dawo. Ƙanin Salmanu ya ce ba su taɓa jin zancen wani mai keke ba a can. Gari ya ce ƙaddara, aka ci gaba da harkoki. Ban ƙara zuwa shan shayi ba, ya cika sukari.

Litinin, 28 ga Yuli

Babu gwaji. Koci ya ce ba shi da wanda zai gwada ni da shi, in shirya kayana. Yana maganar yana duba tayar babur ɗinsa. Na miƙa hannu, bai gani ba.

Na samu. Na rubuta a nan don in gani da idona: na samu.

Asabar, 2 ga Agusta

Motar Kaduna ta bi ta ƙofar gidan su Ephraim. Direba ya ce ga wani mai sanda can yana ɗaga hannu, ko naka ne. Lokacin ina neman abu a cikin jaka.

Talata, 5 ga Agusta

Kaduna. Yaran nan ba su da tausayi a kan keke, na zo kusa da na ƙarshe. Babban kocin, wani dattijo mai furfura, ya kira ni gefe ya ce hawana ba laifi, a ina na koya. Na ba shi labarin hanyarmu, duwatsu, gangara, tsohon gari. Ya tambaya ko akwai wasu masu hawa a can.

Na ce akwai wanda ya fi ni. Ban san yadda aka yi ta fito ba, gajiya ce.

Ya ce, "To me ya hana ku zuwa tare? Ɗaya muka ce don an gaya mana babu kowa a can. In ya fi ka, ko gobe ya zo, akwai gado."

Na ce zan gaya masa.

Ban je cin abincin rana ba. An ce shinkafar ba ta dahu ba.