Haron da Kaka Ya Kifa

Laraba da dare, unguwar Morris Heights

Nasiru, ɗalibin nan mai bincike kan gonakin Turawan mulki, ya sake zuwa yau. Aron hoton Kaka yake so, wanda yake tsaye a gonar gwaji bayan shanu biyu suna jan haro, ƙarfen nan mai baje ƙasa, haƙoransa suna kallon sama.

Ina ajiye masa shayi na hango abin da ya rubuta a kwamfutarsa: wai manomin bai iya aiki da haro ba, ya kifa shi. Raina ya ɓaci. Na ce Baba ya sha gaya mana da gangan ake kifa shi bayan shuka, ya rufe iri ba tare da haƙoran sun tono shi ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Anti, za a gyara." Ban ga ya goge ko harafi ɗaya ba.

Na hana shi hoton. Sai dai da na dawo daga kicin, wayarsa tana kusa da shi, kuma ba yadda na ajiye hoton na same shi ba.

Kaka ya yi wa Bature noma a banza. Yanzu kuma ɗan gida ne zai mai da shi wawa.