Hannun da Ya Saba da Jiki Ɗaya

Cholpon-Ata, 4 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Jipara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya sanyin Mosko, ya tsayuwar kasuwa? Tarin da ya kama ƙaramar ya sake ta? Mu nan lafiya lau, ni da kajina huɗu.

Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar tuffa. Sau uku na karanta ta, kuma duk magana ɗaya ce: in rufe gida in taho. To, na ji. Ga alkawarina, ki riƙe shi. In ɗaya ga Yuni ta yi ban koma aiki ba, zan ba maƙwabta kajin da makulli, in zo in zauna miki a hawa na tara ina kallon motoci. Amma har ga Allah ba na so. Shekara hamsin da takwas ina buɗe ido in ga tafkin nan, ban san yadda ake wayar gari babu shi ba.

Jiya na je gidan jinyar da na yi shekara ashirin da biyu ina tausa. Warin laka mai zafi da man tausa yana nan yadda na bar shi. Sabuwar shugabar, Gulbara, yarinya ce da na taɓa gyara wa uwarta ƙugu. Ta zuba mini shayi ta ce, "Inna Burul, ba wanda bai san hannunki ba a bakin tafkin nan. Amma lasisinki ya mutu tun shekara huɗu, masu bincike kuma hatimi suke dubawa, ba hannu ba." Na ce mata to ai ni ban mutu ba. Ta yi dariya, ta ce za ta riƙe mini ɗaki na shida har ƙarshen Mayu, kafin baƙi su fara sauka.

Na nemo takardar a ƙarƙashin ledar teburin cin abinci, ta yi rawaya. Duk shekara biyar ake sabunta ta, kuma lokacin da wa'adinta ya cika babanki yana shekara ta uku a kwance da shanyewar ɓarin jikinsa na hagu, wa yake ta takarda. Yanzu sai na je makarantar koyon jinya a Karakol, karatun mako uku, sannan jarrabawa. Karatun ne kawai yake ba ni tsoro. Aikin hannu kuwa, shekara bakwai ban yi fashin rana ɗaya ba a jikin babanki, safe da yamma, har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Wa zai koya mini?

Da yamma na sauka bakin ruwa. Tururin tafki ya cinye gindin duwatsun ƙetare, kawunansu kaɗai suka rage, farare, a rataye a sama. Na daɗe a zaune har na manta abin da ya fito da ni.

Ki shafa mini kan yaran, ki kuma daina tsayuwa a kan siminti da safa ɗaya.

Mamarki,
Burul

Karakol, 27 ga Afrilu

'Yata Jipara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ya jikin ƙaramar? Gwaggonki da nake kwana a gidanta tana gaishe ku. Ni ƙalau nake, sai dai na faɗi jarrabawa, gara ki ji daga bakina.

Ba a karatun na faɗi ba. 'Yan ajinmu yara ne, Kaka suke kirana, kuma su suka cusa mini sunayen jijiyoyi har suka zauna. Ashe abin da na yi shekaru ina kira igiyar wuya yana da suna mai gaɓa shida. Wannan na ci shi.

A jarrabawar hannu, mai gadin makarantar ake kwantarwa a tebur, wani tsoho siriri, Asanbek. Shekara ashirin ke nan jikinsa ake jarrabawa a kai, an ce ya fi malaman sanin wanda zai ci. Dokar ba wuya: minti ashirin, baya da hannuwa biyu, dama da hagu daidai. Likita Tamara, tsohuwar 'yar Rasha mai agogo a tafin hannu, ita ke ba da maki.

Na ɗumama mai a tafina, na ɗora hannu, na lumshe ido yadda na saba. Daga nan, Jipara, ɗakin ya tafi. Na ji butarmu tana huci a kan murhu, rediyon babanki yana ba da labarin sukuwar dawaki, rana ta faɗo ta tagar gabas ta kwanta a kan bargo. Na kama yatsun hagu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na hau damtse, na sauka, na sake hawa. Na zura hannuna ta ƙasan haƙarƙari na mirgina shi a hankali don kada baya ya yi gyambo. Sannan na ja bakin hannun rigata na share masa gefen baki.

Sai na ji murya ta ce, "Baiwar Allah, ni fa ba na zubar da yawu. Kuma ɓarin daman nan ma nawa ne, ba aro na yi ba."

Yaran suka fara dariya, Likita Tamara ta kalle su, suka haɗiye ta. Ta ce, "Burul, lokaci ya ƙare, ba ki taɓa damansa ko sau ɗaya ba. Wa kike yi wa tausa?" Na janye hannuna daga jikin mai gadin. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar zafi shi ne an tashe ni ina gida.

Ta same ni a baranda daga baya, na gaya mata komai. Ta juya tafina tana dubawa, ta ce, "Hannu kam akwai shi, amma jiki ɗaya ya sani. Je ki taɓa mutum talatin, ƙato da siriri, ki dawo ashirin da biyar ga Mayu. Sau ɗaya nake sake wa mutum jarrabawa."

Kada ki fara share mini ɗaki tukuna. Ki gaida maigidanki.

Mamarki,
Burul

Cholpon-Ata, 14 ga Mayu

'Yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan sanyi ya sassauta muku. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Na gode da safar ulu, ko da yake ni na ce ki sa, ba ki aiko ba.

Na fitar da tebur ƙarƙashin bishiyar tuffa, duk wanda ya wuce ƙofar gida sai na kwantar da shi. Na yi wa mai kai wasiƙu tausa, da matar liman, da masunta biyu, da wani makiyayi da ya sauko sayen gishiri ya koma da sabon wuya. Zuwa yau, da sauran, mutum ashirin da ɗaya ke nan. Furannin tuffa suna zubowa a bayansu ina gogewa da mai, wani lokaci sai in rasa ko ni ce nake barci ko su.

Maƙwabciyarmu Kanishai ce mai tsare ni. Ta ɗaura mini jan zare a wuyan hannu don in riƙa farawa da dama. Da na zame sai ta ce, "Ke Burul, na ce miki dama ce ke ciwo, kin maƙale a hagu, gwal aka binne a can?" Yanzu na kusa daina zamewa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis na kwaɓa fulawa zan soya fanke, don ƙamshin mai ya isa wajen babanki yadda ake yi wa matattu a nan. Yana da wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, babban yatsana yakan same shi ko ban duba ba, kuma tun rasuwarsa in ina murza ƙullu sai yatsan ya tafi daidai wurin da kansa. Ran nan ya tashi, ya tsaya, ya rasa inda zai nufa.

Na zauna a ƙasa da fulawa a hannu. Kowane sabon baya da na taɓa yana goge mini kaɗan daga nasa. Har na yi tunanin in bar zancen lasisin nan, in taho Mosko in naɗe hannuna a cinya, babanki kuma ya zauna a cikin hannun har in mutu. Na kwana biyu ban fitar da tebur ba. A rana ta uku ɗaya daga cikin masuntan nan ya zo yana jan ƙafa, ya ce tun da na taɓa shi ya fara iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, in taimaka in ƙarasa. Na fitar da teburin.

Ki sa ni a addu'a, ban ma san me zan ce ki roƙa mini ba.

Mamarki,
Burul

Cholpon-Ata, 26 ga Mayu

Jipara 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kowa da kowa, ina sanar da ke na ci. Asanbek ya yi barci tun ina kafaɗar dama, har da munshari, da ya farka ya ce wa Likita Tamara, "Ki buga mata hatimin nan, yau an yi wa ɓangarorina adalci." Ta buga. Ɗaya ga Yuni zan fara a ɗaki na shida.

A motar dawowa hanya ta bi bakin tafki awa biyu. Ruwan ya yi shuɗi har ba a gane inda ya rabu da sama, takardar tana cikin rigata, ina gyangyaɗi ina farkawa. Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba.

Da na isa gida, ko mayafi ban cire ba na shiga ɗakin babanki. Na ɗora matashi a kan gadon, na lumshe ido, na sa hannu na jira. Matashi ne kawai. Fuskarsa tana nan, muryarsa tana nan, amma hannuna bai san shi ba kuma. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, sannan na tashi na ba kaji hatsi.

Don haka ba zan zo Mosko ba, ki yi haƙuri, na san da zuciya ɗaya kika kira ni. Sai dai ina da roƙo. Ki nemi hutu a watan Agusta ki taho da yaran. Kafaɗun babanki gare ki, ta hagu ta ɗan fi ta dama tashi, tun ina yi miki wanka a kwano na lura, ban taɓa gaya miki ba. Ki zo ki kwanta mini a tebur. In kika ji na daɗe a wuri ɗaya, kada ki ce komai.

Allah ya tsare mini ku, ya kawo ku lafiya.

Mamarki mai jiran Agusta,
Burul